Ƙasar Karaye da Ruwan Challawa

Wanda ya san Karaye da Kurugu da ƙauyukan da ke kewaye da su kafin shekarun 1990 ya san ƙasar tudu ce ta dawa da gero da gyaɗa, wadda kogin Challawa ke ratsawa ya cika da damina, rani na yi ya koma rairayi. Yau kuwa mutum na iya shiga kwale-kwale a wannan ƙasa ya yi ta tafiya bisa ruwa har rana ta karkata.

Karaye tsohon gari ne mai ganuwa, kuma tun da can bakin iyaka ne tsakanin Kano da Katsina da Zazzau. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Wambai Giwa, wanda ya zauna a Karaye a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, farkon ƙarni na 17, yana kai wa Katsinawa hari daga nan. Garin mayaƙa ne, mai tsaron yammacin Kano. A zamaninmu ma sunansa ya sake fitowa: a 2019 gwamnatin jihar Kano ta Ganduje ta ɗaga shi ya zama masarauta, a 2024 aka rushe, daga baya cikin shekarar aka dawo da ita a daraja ta biyu, tana riƙe da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo.

Amma abin da ya fi canza rayuwar talakan wannan yanki shi ne dam ɗin Challawa, wanda aka kammala a 1992, kimanin kilomita 90 kudu maso yammacin birnin Kano. Tsayin bangonsa ya kai mita 42, tsawonsa ya kusa kilomita 8, kuma yana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ruwan ya cinye gonaki da gidaje, an tashi mutane daga inda kakanninsu suka zauna, wannan kuwa ba ƙaramin rashi ba ne. Sai dai ya kawo sana'ar da ba a saba da ita sosai ba. 'Ya'yan manoma suka koyi tuƙin jirgi da jefa birgi da dasa mali, masunta daga wasu wurare suka zo suka zauna, karfasa da tarwaɗa suka shiga kasuwannin ƙauye, noman rani na tumatir da albasa da masara ya kankama a bakin ruwa.

Daga cikin jirgi ake ganin kyan wurin yadda ya kamata. Da sanyin safiya ruwan kan kwanta lumui, masunta na ɗaga tarunsu, Fulani na gangaro da shanu mashaya, mata na wanki a gaɓa, hayaƙin bandar kifi na tashi daga bukkoki. Kowace mashiga da jirgi zai tsaya akwai nata mutane da nata labari, kuma baƙo ba ya rasa mai ce masa sannu da zuwa, a miƙo masa fura.

Ruwan nan ba a Karaye yake ƙarewa ba. Idan aka sake shi yakan gangara ya bi ta kudancin birnin Kano, inda ake tace shi jama'a su sha, ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, ya wuce fadamun Nguru, ya nufi tafkin Chadi ta Komadugu Yobe. Mutanen can ƙasa sun daɗe suna kukan cewa dam ɗin Tiga da na Challawa sun rage ambaliyar da ke rayar da fadamunsu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Kukansu na da tushe, ya kamata mai sha'awar ruwan Challawa ya san da shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka bar wannan ni'ima ba tsari. A Masar, kogin Nilu na ciyar da dubban iyalai ta hanyar jiragen yawon buɗe ido tsakanin Luksor da Aswan. Mu a nan, ko 'yan hidimar ƙasa da ake kawowa sansanin Kusalla kowace shekara sukan zo su koma ba su san akwai irin wannan ruwa kusa da su ba. Jiragen da ke akwai na kamun kifi ne da ɗaukar kaya, yawanci babu rigar ruwa ko ɗaya a ciki. Ba mu manta da hatsarin dam ɗin Watari a Bagwai ba a 2021, inda jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya, aka rasa rayuka masu yawa.

Muna roƙon gwamnatin jiha da masarautar Karaye da hukumar kogin Haɗeja da Jama'are su zauna da sarakunan ruwa, a samar da jirage masu inji da rigunan ruwa, a gina mashigai, a horar da matasan Kurugu da Turawa da sauran garuruwan yankin su riƙa kai baƙi yawo lafiya su dawo da su lafiya.