Yadda Karatun Jami'a Daga Nesa Ya Samu Ma'auni

Malamin firamare a Ngaski ko ma'aikaciyar asibiti a Yelwan Yawuri na iya neman digiri yau ta wayar hannu, ba tare da barin aiki da iyali ba. Sai dai an daɗe ana kai ruwa rana kafin takardar irin wannan karatu ta samu daraja.

Tun zamanin Turawa ake aiko wa 'yan Najeriya darussa daga Ingila ta gidan waya, su zauna jarrabawar Jami'ar Landan. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda ta horar da ɗimbin malaman karkara daga nesa. Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, tun 1962 take, amma sai da doka mai lamba 16 ta 1985 ta fito sannan ta samu ikon shimfiɗa ƙa'idojin da kowane kwas zai cika, ta kuma tura masu tantancewa.

Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai a 2002 Obasanjo ya farfaɗo da ita, wato NOUN. Wannan dogon jinkiri ya cuci mutanen yankuna irin namu na bakin tafkin Kainji, waɗanda jami'a ta yi wa nisa. Ko bayan NUC ta fitar da ƙa'idojin karatu daga nesa a 2009, ɗaliban NOUN da suka karanta shari'a sun yi shekaru ana hana su shiga Makarantar Horar da Lauyoyi, har bayan da aka gyara dokar jami'ar a 2018.

Annobar korona ta 2020 ta tura darussa kan intanet, 'yan damfara kuma suka samu kasuwa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin ƙasashen Benin da Togo.

Don haka, 'yan'uwa na Yawuri da Shanga, kafin ku biya kuɗin makaranta, ku duba ko NUC ta amince da jami'ar, da kwas ɗin kansa, da kuma koyar da shi daga nesa.