Jami'ar Ahmadu Bello da Kujerun da Turawa Suka Bari

Lokacin da Turawan Ingila suka fara naɗe tabarmarsu, tambayar da ta hana Gwamnatin Jihar Arewa barci ita ce: wa zai hau kujerun da za su bari? Ga jama'a, ga faɗin ƙasa, amma likitoci da injiniyoyi da lauyoyi 'yan Arewa ba su taka kara sun karya ba. Kwalejin Katsina ta yaye su Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai dai malaman makaranta aka kafa ta don ta samar, ba masu digiri ba. Manufar fifita ɗan Arewa a aikin gwamnati kuwa ba za ta yi tasiri ba muddin babu ɗan Arewan da ke da takardar.

A 1960 kwamitin Ashby ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa, aka kuwa buɗe ta a Zariya ranar 4 ga Oktoba 1962, Sardauna Ahmadu Bello na uban jami'a, Dakta Norman Alexander, masanin kimiyya ɗan ƙasar New Zealand, na shugaba. Ba a kan fako aka gina ta ba. Tattaro abin da ke ƙasa aka yi: kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, cibiyar binciken aikin gona, makarantar koyon sha'anin mulki ta Kongo, da kwalejin Kano wadda ta zama Abdullahi Bayero. Ɗalibai 426 ne suka fara, kuma yawancinsu ba 'yan Arewa ba ne. Malaman ma kusan duk baƙi ne daga waje. Wannan ba abin kunya ba ne, hoton gaskiya ne na ƙarancin makarantun sakandare a yankin.

Jami'ar ba ta cika shekara huɗu ba aka kashe Sardauna a juyin mulkin Janairu 1966. A watan Mayu ɗalibanta suka fito zanga-zangar ƙin dokar Janar Ironsi ta soke tsarin tarayya, kuma tsoron a mamaye guraben aikin da suke hanƙoro yana cikin abin da ya tunzura su. Rikicin da ya biyo baya ya ci rayukan 'yan ƙabilar Ibo masu yawa, ɗalibai da ma'aikata 'yan Gabas suka bar Zariya. Duk mai ƙaunar jami'ar nan bai kamata ya tsallake wannan babi ba.

A wannan shekara ce Ishaya Audu, likitan yara, Bahaushe Kirista, ya karɓi shugabanci, ya riƙe har 1975. A ganina shi ne ya mayar da mafarkin Sardauna abin da ake iya taɓawa. A zamaninsa aka buɗe makarantar share fagen shiga jami'a, wadda kowa ya fi sani da SBS, don yaron da ya gama sakandare ya samu gadar tsallakawa zuwa digiri. Ta wannan ƙofa ɗan manomi daga Zuru ko Langtang ko Gumel ya zauna aji ɗaya da ɗan sarki, suka ci abinci a ɗaki ɗaya. Aka kuma yi dace: a 1967 an raba Arewa jihohi shida, kowace na neman manyan sakatarori da alƙalai da shugabannin makarantu. Mai digirin Samaru ko Kongo aiki ke jiransa tun bai cire rigar yaye ba. Haka takardar shaida ta fara gogayya da asali wajen samun girma, ko da yake 'ya'ya mata kaɗan ne suka samu shiga wannan ayari.

A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jami'ar, a 1977 kuma reshen Kano ya ci gashin kansa ya zama Jami'ar Bayero.

Abin da masu kafa ta ba su yi lissafinsa ba shi ne gidan da aka gina don samar da ma'aikata zai haifi masu tuhumar masu mulki. Abdullahi Smith ya raini masana tarihi da suka koma ga rubuce-rubucen malaman Sakkwato da Borno maimakon rahotannin razdanoni. Yusufu Bala Usman, jinin sarautar Katsina, ya zama ɗaya daga cikin masu kaifin harshe a kan sarauta da 'yan jari hujja. Gwamnatocin soja ba su ji daɗi ba: an zubar da jinin ɗalibai a 1978 da kuma Mayu 1986, sannan a 1988 aka kori malami Patrick Wilmot daga ƙasar.

Su ma masu sukar sun shiga gwamnati. Bala Usman ya zama sakataren gwamnatin Kaduna a mulkin jam'iyyar PRP. Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya gama digirinsa a Samaru a 1975 kuma ya bi PRP alhali gidansu na jam'iyyar NPN, ya yi gwamnan Katsina shekara takwas kafin ya zama shugaban ƙasa a 2007.