Daga Marisuwa Zuwa Korona: Hanyar Da Ke Kawo Arziki Ita Ke Kawo Annoba

Mu dai mutanen hanya ne. Fatauci ne ya kawo kakanninmu ƙasar Yarbawa, har aka kafa Sabon Ibadan a 1916. To shekara biyu kacal bayan haka, hanyar nan da ke kai goro Arewa ta kawo shanu Kudu, ta ɗauko wani baƙon da ba a gayyata ba.

A 1918, ana cikin Yaƙin Duniya na Farko, wata muguwar mura ta ɓarke, wadda tsofaffinmu ke kira Marisuwa. Jiragen ruwa masu jigilar soja su suka yi ta yawo da ita. A watan Agusta ta sauka Firitawun ta Saliyo, daga nan sai Gwalkwas, wato Ghana ta yau. A tsakiyar Satumba wani jirgi mai suna Bida ya shigo da ita Ikko.

Da a ce zamanin ayari ne, da ta daɗe kafin ta yi nisa, don mara lafiya ba ya iya tafiyar ƙasa ta wata da watanni. Amma ina! Tun 1911 dogo ya isa Kano. Mutum ya hau jirgin ƙasa garau, cutar na jikinsa bai sani ba, ya sauka wani gari ya fara tari. Farkon Oktoba ta shiga Abekuta da Ibadan, kafin shekara ta ƙare ta game ƙasa. An ƙiyasta mutum 500,000 suka rasu a Nijeriya, a duniya kuwa ana maganar miliyan 50.

Yau fa? Tafiyar da jirgin ruwa ke yi a makonni daga Ingila, jirgin sama na yin ta cikin awa bakwai. Ran 20 ga Yuli 2014 wani fasinja daga Laberiya ya sauka Ikko da cutar Ebola. Likita Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, aka bi duk wanda ya yi hulɗa da shi. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, har da ita likitar. Ita kuwa Korona, an fara jin labarinta a Wuhan ta ƙasar Sin a Disamba 2019, ran 27 ga Fabrairu 2020 sai ga ta a Ikko. A shekarar ko Hajji ba mu je ba.

Me ya sa aka tare Ebola, Korona ta gagara? Ita Ebola sai alamunta sun bayyana take yaɗuwa, kuma sai an taɓa mara lafiya, ko ruwan jikinsa, ko gawarsa. Korona da Marisuwa kuwa numfashi suke bi.

Mu dubi zamanmu. Gidan mai masauki ba ya rabo da baƙi, ɗaki guda mutum da yawa, ga kara, ga tasha, ga sahun masallaci. Manzon Allah (SAW) ya hore mu kada mu shiga garin da ake annoba, in kuma muna ciki kada mu fita. Saboda haka in an ji ɓullar cuta, baƙon da ya sauka da zazzaɓi a keɓe masa wuri, a kai shi asibiti, kada a sa shi a mota a ce ya tafi gida jinya. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyashe mu, amin.