Hirar Masu Fatsa: Daga Littafin Walton Zuwa Fodkas

Idan aka ce wa Basarke daga Yawuri akwai ƙasar da mutum zai wuni tsaye cikin ruwa iya ƙugu, ya kama kifi da ƙyar da jiɓin goshi, sa'an nan ya zare masa ƙugiya a hankali ya mayar da shi ruwa, ya koma gida hannu rabbana, to, abin da zai fara tambaya shi ne ko mutumin nan yana da lafiya. In kuwa aka ƙara masa da cewa da dare mutumin zai sa abin ji a kunne ya saurari waɗansu mutum biyu suna hirar kifin da suka kama suka saki, har awa ɗaya ko fiye, sai ya ce lalle abin ya wuce magani. Amma haka al'amarin yake a Amurka da Ingila, inda mutane da yawa suke fatsa don nishaɗi ba don cin abinci ba, kuma suna da shirye-shiryen hira nasu na kansu waɗanda ake kira fodkas.

Fodkas shiri ne na magana kamar na rediyo, sai dai ba gidan rediyo ke watsa shi ba. A intanet ake ajiye shi, mai so ya ɗauko a wayarsa ya saurara sa'ad da ya ga dama. Wani ɗan jarida, Ben Hammersley, shi ya fara rubuta kalmar a jaridar Guardian cikin watan Fabrairu na 2004, inda ya haɗa sunan na'urar sauraro ta iPod da kalmar Ingilishi mai nufin watsa shiri. A watan Yuni na 2005 kamfanin Apple ya sa irin waɗannan shirye-shirye cikin manhajarsa ta iTunes, daga nan abin ya bazu. Na'urar dai sabuwa ce, amma hirar tsohuwa ce, kuma tun farkonta akwai wata ja-in-ja a cikinta wadda har yanzu ba a raba ba, watau tsakanin son ba da labari da tsoron tona asirin inda kifi yake. Tarihin wannan ja-in-ja nake so mu bi.

Littafin farko da aka buga da Ingilishi a kan fatsa ya fito a 1496 daga maɗaba'ar Wynkyn de Worde. Ana danganta shi ga wata mata mai suna Juliana Berners. Ɗan ƙaramin littafi ne, ya koyar da yadda ake gyara sandar fatsa, da yadda ake tufka igiya da gashin wutsiyar doki, da yadda ake naɗa wa ƙugiya gashin tsuntsu da zaren ulu har ta yi kama da ƙwaro, kifi ya gani ya kawo cafka. Irin waɗannan ƙwarin ƙarya guda 12 aka bayyana a ciki. Abin lura shi ne ba a buga shi shi kaɗai ba. An cusa shi ne cikin wani babban littafi mai tsada na farauta da kiwon shaho da tambarin gidajen sarauta, kuma an faɗi dalili a ƙarshensa: don kada ya faɗa hannun kowane ragon banza da zai saye shi da araha ya je ya ɓata sana'ar. Ashe tun ranar da aka fara rubuta ilmin aka fara neman yadda za a ɓoye shi.

Bayan shekara 157 sai ga Izaak Walton, wani ɗan kasuwa na Landan wanda aka haifa a 1593. A 1653 ya buga The Compleat Angler, watau cikakken mai fatsa, littafin da har yau ba a daina sake buga shi ba. Ya kamata mai karatu ya tuna da zamanin. An gama yaƙin basasa a Ingila, an fille wa Sarki Charles na Farko kai a 1649, Walton kuwa mutumin sarki ne, ɓangarensa aka ci. Mutumin da aka ƙwace wa sarki, aka kori malaman cocinsa daga muƙamansu, shi ne ya zauna ya rubuta littafi a kan zama shiru a bakin kogi. Saboda haka littafin ya fi ƙarfin koyar da kamun kifi, akwai haƙurin wanda duniya ta juya wa baya a cikinsa.

Abin da ya fi shafarmu mu ɗaliban adabi shi ne sigar da ya zaɓa. Walton bai jera ƙa'idoji ba, hira ya rubuta. Mai fatsa ya gamu da matafiyi a hanya, suka kama tafiya a gefen kogin Lea, arewa da Landan, ɗaya yana tambaya ɗaya yana amsawa. A bugu na biyu, na 1655, ya mai da su mutum uku: mai fatsa, da maharbi, da mai farauta da shaho, kowa yana yabon sana'arsa, kamar dai yadda ake gardamar sana'o'i a tashe ko a dandali. Daga baya maharbin ya sallama ya zama almajirin mai fatsa. Suna tafe suna ratsewa, su shiga masauki a dafa musu kifin, a yi waƙa, a kawo labarin da ba shi da alaƙa da kifi, sa'an nan a komo kan magana. A bugu na biyar, na 1676, abokinsa Charles Cotton ya ƙara wani kashi a kan fatsa da ƙwarin ƙarya a kogin Dove, shi ma da sigar hira. A ganina Walton ya gane cewa wannan ilmi ba ya shiga sai ta kunne, daga bakin wanda ya sani zuwa ga wanda yake tsaye kusa da shi. Da yake ba shi da hanyar ajiye murya, sai ya sa takarda ta kwaikwayi murya.

Sa'ad da murya ta samu hanyar tafiya nesa, ba da hira ta fara zuwa wa masunta ba, da gargaɗi ta zo. A watan Oktoba na 1859 wata guguwa ta farfasa jirgin ruwan Royal Charter a gaɓar Anglesey, mutum wajen 450 suka halaka a cikinsa. Robert FitzRoy, wanda a dā ya tuƙa jirgin Beagle da ya ɗauki Charles Darwin, shi ke riƙe da ofishin lura da yanayi a lokacin. A 1861 ya fara aika gargaɗin guguwa ta wayar tangaraho zuwa tashoshin jiragen ruwa, inda ake ɗaga alama a kan sanda masu jirage su gani. Cikin shekarun 1920 aikin ya koma rediyo, ya zama sanarwar nan ta BBC da ake karanta sunayen yankunan teku ɗaya bayan ɗaya tare da ƙarfin iska. A 2002 aka sa wa ɗaya daga cikin yankunan sunan FitzRoy. Wannan magana ce ta masu su don neman abinci, waɗanda rayukansu ke kan ruwa. Gajera ce, ba wasa a cikinta, kuma ba a mayar mata da amsa.

Masu fatsa don nishaɗi kuwa talabijin ce ta ɗauke su. A Amurka gidan ABC ya nuna The American Sportsman daga 1965 zuwa 1986, Curt Gowdy yana kai mashahuran mutane farauta da su. Bill Dance ya fara nasa shirin a Memphis a 1968. Amma talabijin ba ta da haƙuri. Yawancin fatsa jira ne, ita kuwa kyamara kifi take so ta gani, sai a yanke awa shida na zaman banza a nuna minti uku na kokawa. Mai kallo yana ganin kifi na fita, bai san dalilin da ya sa aka tsaya a nan ba a can ba. Abin da Walton ya fi ba muhimmanci, watau tafiyar da tambayoyin, shi aka zubar.

Fodkas shi ya komo da shi, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Ba wanda ya ƙayyade masa minti talatin, ba a bukatar kyamara, kuma mai sauraro hannunsa a sake yake: yana tuƙin awa uku zuwa kogi, ko yana zaune yana naɗa ƙwarin ƙarya, kunnensa na aiki. Misalin da ya fi shahara shi ne na kamfanin Orvis, wanda Charles Orvis ya kafa a garin Manchester na Jihar Vermont a 1856. A 2008 wani daɗaɗɗen ma'aikacinsu kuma marubuci, Tom Rosenbauer, ya fara shirin da ya kasu biyu: da farko ya amsa tambayoyin da masu sauraro suka aiko, wasu a rubuce wasu da muryarsu, sa'an nan ya zauna da baƙo su yi ta hira a kan abu guda, ko ƙulla igiya ne, ko halin kifi in ruwa ya yi sanyi. Wanda ya karanta Walton zai ga mai fatsa da maharbinsa sun dawo, sai dai almajiran yanzu ba sa ƙirguwa. Wata 'yar Kanada kuma, April Vokey, ta ɗauki wata hanya a shirinta mai suna Anchored. Ta riƙa bin tsofaffin gwanayen sana'ar tana naɗar tarihin rayuwarsu daga bakinsu, cikinsu har da Lefty Kreh, wanda ya rasu a 2018. Wannan aikin tattara adabin baka ne sak, ko da yake ba a jami'a aka yi shi ba.

Amma fa kada mu ruɗu. Orvis sandunan fatsa yake sayarwa, kuma mafi yawan irin waɗannan shirye-shirye masu kayan fatsa ne ke ɗaukar nauyinsu. Ban ce shawarar da ake bayarwa ƙarya ba ce, sau da yawa mai kyau ce ƙwarai, har da koyar da yadda za a saki kifi bai mutu ba, da hana mutane fatsa in ruwa ya yi zafi, abin da Jihar Montana ma takan sa wa doka, ta rufe waɗansu koguna daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare. Sai dai wanda ke da abin saye shi ake yi wa hira. Shi ya sa mai fatsa don nishaɗi yake da shirye-shirye barkatai, masunci mai neman tuwon 'ya'yansa kuwa har yanzu rabonsa bai wuce sanarwar iska ba.

Tsoron nan na 1496 shi ma ya komo da ƙarfinsa. A Ingila koguna da yawa suna da masu su, sai ka biya ko ka shiga ƙungiya kafin ka jefa ƙugiya, saboda haka ko an faɗi sunan wuri ba kowa zai je ba. A yammacin Amurka ba haka ba ne. Dokar Montana ta 1985 ta ba kowa damar shiga kogi muddin bai wuce iyakar da ruwa ke kaiwa in ya cika ba. Inda ba shinge, ba abin da ke tsare kifi sai shiru. Mutanen wurin sun ga abin da ya faru bayan fim ɗin A River Runs Through It na 1992, wanda aka ɗauko daga littafin Norman Maclean na 1976, yadda baƙi suka yi ta kwarara zuwa kogunansu. Don haka suna da suna ga laifin wanda ya tona gurbi a bainar jama'a, suna cewa ya ƙona wuri. Sai ka ji mai shiri ya yi awa guda yana bayanin launin ƙwaro da zurfin ruwa dalla-dalla, in aka zo kan sunan rafin sai ya yi dariya ya wuce. Ana ba da yadda, ana hana inda.

Mu ma mun san wannan matsala, ko da yake hanyar da aka bi a wajenmu dabam ce. A Argungu kowa ya san inda Matan Fada yake, ba a ɓoye shi ba. Sarauta ce ke tsare shi: a hana su a wurin, sai ranar da aka buɗe mutane su faɗa da homa da gora. Bikin da aka sani yanzu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, bayan daɗewar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ya kamata a adana. Watau mu muna faɗin inda, abin da ake riƙewa a gida shi ne yadda: maganin ruwa, da abin da ake faɗa kafin a nutsa, da sanin halin giwan ruwa da na tarwaɗa, duk gado ne daga uba zuwa ɗa. Ga shi kuwa ruwan da aka gina wannan ilmi a kansa ya sake. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta mai da wani yanki na Kwara tafki, ta Bakolori kuma, daga 1978, ta rage ambaliyar da ke cika fadamun da kifi ke hayayyafa a cikinsu. Tsofaffin da suka san kogin kafin madatsa suna ta ƙarewa.

Abin da Vokey ta yi bai bukaci fiye da na'urar naɗar murya da kuɗin mota ba, wayar da ke aljihun kowane ɗalibi kuwa ta isa. Wanda ya je Yawuri ko Argungu ya gaida dattijo yadda ya kamata, ya zauna kan tabarma bai yi gaggawa ba, zai samu sunayen gurabe, da bambancin taru da birgi da mamari, da watan da tarwaɗa ke hawa fadama, da labarin shekarar da ruwa ya ci wane. In ya zarce ya tambayi abin da ake faɗa kafin a shiga ramin da kada yake ciki, dattijon zai dube shi, ya dubi wayar, sa'an nan ya tambaye shi ɗan gidan wa ne.