Shafin da Ya Tare Hasken da ke Ɓata

Tsohon kwan fitilar titi mai ƙarfi ba shi da zare irin na kwan ɗaki. A cikinsa akwai ɗan bututu da aka ɗura wa iska da tururin ƙarfe, wutar lantarki ta ratsa tsakanin bakunansa biyu, tururin ya yi haske. Matsalarsa tun farko ita ce ɓarna: yawancin wutar da yake sha tana fita ne a matsayin zafi, ko wani haske da ido ba ya gani.

Fitilun zaiba masu matsin tururi sun shiga titunan Ingila a farkon shekarun 1930. Haske kam akwai, amma shuɗi-shuɗi ne mai kore, babu ja a cikinsa, duk wanda ya tsaya ƙarƙashinsa sai ka ce ya tashi daga jinya. Ga kuma hasken altarabayolet da ke tafiya a banza. Sai masu ƙira suka shafe cikin gilashin waje da farin gari mai shanye wannan ɓoyayyen haske ya mayar da shi ja. Garin da ya fi yin tasiri, mai sinadaran itiriyam da yurofiyam, an fito da shi ne a 1964 domin talabijin mai launi, masu fitila suka ara. Dalilin da ya sa kwan zaiba yake fari fat ke nan.

Darasi na biyu daga fitilar sodiyam mai ƙarancin matsi ya zo, wadda kamfanin Philips na Holan ya fitar a 1932. Ita zafi take so, wajen digiri 260, kuma yawan wutarta a ɗumama kanta yake ƙarewa. A shekarun 1960 aka yi wa cikin gilashinta siririn shafi na sinadarin kuza, daga baya na indiyam, wanda ke barin hasken rawaya ya wuce, ya koro zafin ya koma ciki. Da wannan ta kai kusan lumen 200 a kowane wat, adadin da aka daɗe ba a kamo ba.

To, me zai hana a yi wa masu matsin tururi haka? Nan ne aikin ya yi tauri. A shekarun 1960 General Electric ta Amurka ta fitar da iri biyu: na sodiyam mai bututun tangaran da Robert Coble ya samar, wato fitilun nan masu ruwan goro da aka saba gani a manyan titunan Kano da Kaduna, da kuma na gishirin ƙarfe da Gilbert Reiling ya ƙera, farare tas na filin ƙwallo. A na biyun, hasken ya dogara ne ga yawan gishirin da ya zama tururi, shi kuwa gishiri wuri mafi sanyi yake nema ya kwanta. Idan ka duba bututun da kyau, za ka ga bakunansa da farin fenti kamar alli. Sinadarin zirkoniyam ne, aikinsa riƙe zafi a lungun da gishirin ke taruwa. Dabara ce mai arha, kuma a ganina ita ta fi kowace biyan kuɗinta.

Mai tsadar ita ce shafi hawa-hawa, gomman sirara da ake jerawa ɗaya kan ɗaya, kowanne bai kai kaurin gashi ba ko kusa, a zaɓi irin hasken da zai fita da wanda zai koma. A kwan halojin ta yi aiki tun shekarun 1980, domin akwai zaren da zafin zai koma wa. A fitilar tururi kuwa babu zare. Zafin bango yake gasawa, bangon da tun farko yake kusa da digiri 1000. Idan ya wuce ƙima, shafin ya tsage, gishiri ya ci bututun, kwan ya mutu da wuri. Ribar haske sai an biya ta da tsawon rai.

Ana cikin wannan ja-in-ja Shuji Nakamura ya fitar da shuɗin LED a Japan a 1993. Kuɗin bincike ya karkata can, birane suka fara sauke tsofaffin fitilunsu, Tarayyar Turai ta hana sayar da kwan zaiba a 2015. Ita ma farar LED ɗin, shuɗi ce aka lulluɓe da rawayan gari don ta ba da fari.