Kalmar "Green" da Takwarorinta na Hausa: Darasi Daga Gombe

Kalmar Ingilishi "green" tushenta ɗaya da kalmomin da ke nufin ciyawa da tsiro, shi ya sa ma'anarta ta zarce launi. Bahaushe kuwa ya rarraba wannan fage. Launin shi ne kore ko algashi ko tsanwa, amma mangwaron da bai nuna ba, ɗanye ake ce masa.

A Nijeriya ma'anar ta yi ta faɗaɗa. A tutar da Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, kore yana nuni da albarkar ƙasa. A 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta sanya kalmar cikin sunan shirinta na bunƙasa noma. A 2019 kuma gwamnatin Jihar Gombe ta ƙaddamar da shirin Gombe Goes Green domin dashen itatuwa da yaƙi da zaizayar ƙasa da kwararowar hamada.

Ɗalibin da aka koya wa "kore" kaɗai zai fassara wannan suna da "Gombe ta zama koriya", manufar raya muhalli ta salwanta. Don haka muna ba da shawarar a riƙa koyar da kalmar cikin jimla a darussan fassara, ana bambance launi da ɗanyantaka da kare muhalli.