Imouraren da yaranmu: wa zai gaya musu gaskiyar aikin ma'adinai?

Yau hirarmu a kan tarihin aiki ne a ƙasar Ayar, da abin da ɗan makaranta ya kamata ya ji daga bakin ma'aikaci kafin ya zaɓi hanya.

Mu tuna, aiki ne ya haifi garin Arlit. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da yuraniyom a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a 1978, inda ake shiga ƙarƙashin ƙasa kimanin mita 250, kuma ita ta sa Akokan ya zama gari. A Tchirozérine, SONICHAR ta shiga haƙar gawayi don ba kamfanonin wuta. A Agadez kuma aka buɗe makarantar EMAÏR don horar da 'yan ƙasa. A wancan zamani yaro ba ya buƙatar wani ya zo aji ya yi masa bayanin sana'a. Babansa makanike ne, maƙwabci mai walda ne, kawu yana tuƙa manyan motoci cikin rami. A fada, wajen shan shayi, ake jin yadda aiki yake.

Sai maganar Imouraren, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit. Tun 1966 Faransawa suka gano arzikin wurin, amma ya kwanta sama da shekara 40. A farkon 2009 aka ba Areva izinin haƙa, kuma a watan Mayu na shekarar shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashin aikin. Aka ce tan 5,000 za a riƙa fitarwa kowace shekara, har shekara 35. Waɗanda muke lise a lokacin mun san yadda sunan ya cika bakin kowa, daga ɗalibai har iyaye.

To amma kuɗin yuraniyom ba a Arlit ake yanka shi ba. A watan Maris 2011 hatsarin Fukushima ya auku a Japan, kasuwa ta faɗi. A 2014 gwamnati da Areva suka amince a jingine aikin Imouraren. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, ma'aikata kusan 600 suka ajiye aiki, ban da na ƙananan kamfanoni masu kwangila. A watan Yuni 2024 hukumomi suka janye izinin Imouraren daga hannun Orano, wato tsohuwar Areva, sannan a Yuni 2025 SOMAÏR ta koma hannun ƙasa.

Me wannan tarihi ke koya mana? Wanda ya yi karatu don rami guda, ranar da ramin ya tsaya shi ma ya tsaya. Wanda kuwa ya iya gyaran wuta, walda, awon ƙasa ko aikin ruwa, hannunsa na tafiya da shi duk inda ya je. Ɗan aji uku na kwaleji bai san wannan ba, kuma ba zai gani a littafi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Masu ɗakin kuwa suna nan cikinmu: tsofaffin ma'aikatan COMINAK, masu ritaya na SOMAÏR, matan da suka yi aikin asibiti da ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai da yawa suna tattara kaya su koma garuruwansu, iliminsu na bin su.

Don haka muna kira ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye: ku gayyato su aji, ko da sau ɗaya a wata, kafin yara su cika takardun zaɓi bayan BEPC da bak. Ku kuma yara, maza da mata, kada kunya ta hana ku tambaya. Baba, wane karatu ya kai ka nan? Ƙura da tururin ƙarfen nan, yaya kuke kare jikinku? Da aka rufe, wace sana'a ta ciyar da gidanka? A gaya musu daɗin da wuyar, kamar yadda ƙungiyar Aghir In'Man ta daɗe tana magana kan lafiyar ma'aikata da mazauna gari.

Ko an buɗe Imouraren gobe ko jibi, yaran da ke aji yau su za a nema. Idan kun san dattijon da zai yarda ya zauna da ɗalibai, ku kai shi wajen daraktan makarantar unguwarku. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.